Jakar Ɗaki na Ɗari Bakwai da Biyu

Asubahin Talata a Busan.
Hazon teku bai gama sakin tuddai ba
na riga na zura safar hannu.
Shekara goma sha ɗaya ina gadin wannan bene,
ban taɓa kama ɓarawo ba,
sai dai ƙayar kifi da aka ɓoye cikin kwali.

Doka ta ce kwalba nan, gwangwani can,
takarda a ɗaure ta, roba a ɗauraye,
ragowar abinci da mazubinta dabam.
Wanda ya cakuɗa, tara ta hau kansa.
Ni ne idon dokar nan. Ni ne hancinta.

Kuma ba na ƙin ta.
Bayan gidan mahaifiyata juji ne, na sani,
hayaƙinsa na kwana a cikin bargonmu,
ƙudansa na riga mu zama kan shinkafa.
An roƙi mutane a bango, an roƙe su a rediyo,
roƙo bai raba kwalba da ɓawon kabeji ba.
Jiki magayi, in ji manya.
Na ce aljihu ya fi shi iya faɗa.

To, yau ga wata jaka an ƙulle ta a karkace,
karo na uku ke nan a wata guda.
Na kwance.
Ɓawon ƙwai, batir biyu, kwalaben magani,
mataji da sauran furfura a haƙoransa,
silifas na mace, dunduniyar hagu ta cinye,
tabarau mai karyayyen hannu,
da takardar asibiti ɗauke da suna:
Maeng Dok-su, hawa na bakwai.

Ok-bun ce ke saukowa a da.
Da farce take ɓare takardar jikin kwalba,
tana yi min faɗa in na bar murfi a kai.
Farkon sanyin bana aka fita da ita.
Shekara arba'in da shida yana shan abin da ta zuba,
bai san murfi da kwalba
ba hanya ɗaya suke bi ba.

Na hau da takardar tara a hannu.
Ya buɗe ƙofa da singileti, bai yi aski ba.
Ya dubi jakar, ya dube ni.
“Rubuta,” ya ce. “Na san na yi laifi.
Na zauna zan raba su, na kasa.
In tabaranta ya bi nan, takalminta ya bi can,
ita ina zan ce ta nufa?
Gara su tafi tare.”

Na duba takardar sama da ƙasa.
Akwai gurbin suna, akwai na kwanan wata,
akwai na irin laifi.
Babu gurbin wannan.

Muka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa,
dattijai biyu, gwiwoyi na ƙara.
Batir nan. Ɓawon ƙwai can.
Kwalaben magani ya wanke su da kansa,
a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka.
Tabarau kam ya sa a aljihun wando,
ban ce komai ba.

Da yamma shugabar mazauna, Uwargida Pyo,
ta tare ni a bakin matakala:
“Ka gano mai jakar?”
Na ce iska ta kwashe shaidar.
Ta dube ni fiye da yadda ya kamata, ta wuce.

Har gobe in an tambaye ni,
a tilasta ko a bar wa zuciya,
cewa zan yi a tilasta.
Na shaƙi hayaƙin barin kowa da halinsa.
Sai dai takardar tarar nan na jefa ta
cikin takardu, inda doka ta ce a jefa.

Talatar da ta zagayo ya sauko da kansa,
da jaka huɗu, kowace da ƙullinta.
Ya saka gwangwani cikin kwalabe,
ya rusuna min, yana jin ya iya.
Na jira har ya juya baya,
sannan na miƙa hannu na gyara.